Kwamfutar da Ake Yi wa Alwala

Ku samarin yanzu kuna ba ni dariya. Mutum zai kalli bidiyo biyu a waya, ya sayi sukundireba da burushi, sai ya kafa tebur a bakin titi ya ce shi injiniya ne. In ka tambaye shi mene ne gyara, sai ya ce ai cirewa ne da mayarwa, ba wata tsiya. To, ku gyara zama. Ni Lawan a bakin kasuwar Kura na yi furfura a wannan sana'a, tun tana gyaran rediyo har ta koma ta waya da kwamfuta. Tambayar da kuka ishe ni da ita kwanan nan ita ce ta 'yar kwamfutar nan mai araha, wadda ake lanƙwasa murfinta baya ta koma kamar faranti a riƙa shafa fuskarta da yatsa. Ku kuna ce mata tu-in-wan, mu muna ce mata 'yar lanƙwasa. Wai a saya ko kar a saya. Da can kafin mutum ya rufe baki na ce masa kar ya soma. Yanzu sai na fara tambayar wa za a saya wa, kuma dalilin haka maigidana ne, Malam Ɗanjuma Mai Rediyo, wanda raunin ido ya fitar da shi daga zaman karatun tsaransa, har ya kusa haƙura cewa ya fita ke nan.

Rediyon farko da Malam ya bari na taɓa na wani manomi ne daga Bunkure, baƙi, an ɗaure murfinsa da robar tayar keke. Kafin nan na daɗe ba ni da aiki sai fifita gawayi, domin ƙarfen da muke narka dalma da shi a kurfoti ake gasa shi, ba mu san na lantarki ba. In ya yi ja ka ƙona aiki, in bai yi zafi ba dalma ta dunƙule kamar kashin akuya. Malam kusa da kumatunsa yake kai ƙarfen ya ji zafinsa, ya kuma shinshina. Ranar na ɗauki sukundireba da rawar jiki zan kwance rediyon, sai na ji ranƙwashi a ƙeya.

"Lawandi, ka tambayi mai shi inda yake ajiye shi?"

Na ce, "A'a, Malam."

"To me za ka gyara?"

Da aka tambayi manomin, sai ya ce da rana a reshen bishiya yake rataye shi in yana ban ruwa, in ya koma gida kuma a kan buhun taki yake kwana. Muna buɗewa muka tarar taki ya cinye mazaunin batir, ya yi kore shar. Goge shi kawai muka yi da samfefa, rediyo ya kama magana. Tun daga ranar ban ƙara buɗe kayan mutum ba sai na san inda yake kwana da irin hannun da yake shiga.

A ƙasar nan tamu ta noman rani abu biyu ne ke ciyar da mai gyara, ruwa da buntun shinkafa. Manomi zai sa waya a aljihun gaba, ya sunkuya zai juya ruwa, sai ka ji cuɓul a kanal. Ya tsamo ta, ya yarfe, ya danna ta ya ga ko tana da rai, da wannan dannawar kuma yake kashe ta. Buntu shi ba ya sallama. Na taɓa buɗe kwamfutar wani mai injin casar shinkafa da ke mutuwa duk bayan ɗan lokaci, na zaro dunƙulen ƙura daga bakin fankarta kamar sheƙar tsuntsu. Mai ita ya rantse a cikin jaka take kwana. Na ce na yarda, amma ai ba a cikin jaka take numfashi ba. Kayan aikina ba su da yawa: mitar auna wuta, hantsaki, tsohon burushin haƙori, kwalbar sifirit, buluwa mai hura iska mai zafi, da ƙarfen dalma na lantarki. Kowa zai iya sayensu a yini ɗaya. Sanin inda za a ɗora su ne ke cin shekaru.

Shekarar da tsutsa ta cinye tumatir ita ce ba na mantawa. Wani dillali daga Kadawa, wanda da can in gilashin wayarsa ya tsage sabuwa yake saya ya ba yara tsohuwar, ya zo min da waya a farfashe ya ce in naɗe masa ita da salatif. A nan na san gari ya ƙone. Mutane suka riƙa kawo gyara ba sa dawowa karɓa, durowata ta cika da wayoyi marasa iyaye. Na koma gyaran cocila da kilifar masu aski. Lokacin Malam ya riga ya ajiye aiki, amma yakan biyo ya zauna a bencin shagona. Ya dube ni ina hamma, ya ce mai gyara ba ya kwana da yunwa sai in ya ce shi na abu ɗaya ne. A wannan zaman banzan na tara matattun kwamfutoci daga masu shagon buga takardu, ina kwancewa ina ɗaurawa, har na gane kansu. Da tumatir bai mutu ba, da har yau ina tsoron kwamfuta.

'Yar lanƙwasa ta farko da ta shigo hannuna ta wani ɗalibi ce daga Dawakin Kudu. Sabuwa dal ya saye ta a kwali, ba ta ga damina biyu ba ƙugunta ya karye. Da na buɗe ta sai da na yi dariya. Fanel ɗinta, wato allon da ke ɗauke da ƙwaƙwalwarta, bai kai tafin hannuna ba, sauran cikin duk batir ne da fili. Ma'ajiyarta ƙarama ce kuma a liƙe take, ba a cirewa, ba a ƙarawa, in ta cika ta cika. In ka buɗe mata abu uku a lokaci guda sai ta tsaya tana haki. Hinjis ɗin da ke riƙe murfin na ƙarfe ne mai ƙarfi, amma a cikin roba mai laushi aka ɗaure shi, kullum ka lanƙwasa yana cin mazauninsa. Ta cikin wannan hinjis ɗin kuma siririyar igiyar da ke kai hoto fuska ta bi, ranar da ya karye da ita yake tafiya. Ban hana ta nata ba: ba ta da nauyi, batirinta na jimawa, fuskarta na da haske, kuma ba ta da fanka, saboda haka buntu ba shi da ƙofar shiga. Duk da haka na ce wa ɗalibin araha ba ta ado, da ya sani da ya nemi ta hannu mai ƙwari, irin wadda ofisoshi suka gama da ita. Haka na riƙa gaya wa kowa, har maganar Malam ta taso.

A masallacin unguwar su Malam, duk azumi bayan la'asar, dattawa kan zauna da'ira su yi musaffa. Kowa ya karanta rabonsa daga littafin Allah, sauran suna bi, in ya yi tuntuɓe su kama shi, in ya kai ƙarshe na kusa da shi ya ɗora. Malam ba mahaddaci ba ne, da kallo yake karatu, amma tun kafin in san shi yake cikin wannan da'ira. Shekarun da ya yi yana leƙen ƙananan wayoyi cikin hayaƙin dalma su suka ci idonsa. An yi masa aikin yana, an ba shi tabarau, an nemo masa bugu mai manyan baƙaƙe, duk abin ya ƙi. A wani azumi layi ya zo kansa, ya kai takarda har hancinsa ya kasa, mutane suka yi shiru suna jira. Malam Idi Tela, wanda ke zama a damansa, ya ɗora don ya rufa masa asiri. Daga ranar in layi ya zo sai ya tsallake shi. Ya yi 'yan kwanaki yana zuwa yana riƙe da littafi a buɗe, sannan ya ce gwiwa ta matsa masa, ya daina fita.

'Yarsa Binta ce ta ba ni wannan labari. Ita sana'arta turara shinkafa, tana sayen shanshera, wato wadda ba a casa ba, ta turara ta a ganga, ta shanya, ta kai inji. Ta ce, "Yaya Lawan, ba gwiwa ba ce. In aka kira la'asar juya baya yake yi ya kalli bango. Wallahi ba na iya kallonsa."

Bayan sallah da 'yan watanni Malam ya biyo shagon da sandarsa ya zauna a benci. A kan teburina akwai 'yar lanƙwasar wata malamar Islamiyya, na gama gyara mata wurin caji, na kifa ta kamar jinka ina gwada ko fuskar na jin yatsa. Shafin karatunta ne a buɗe, na sa yatsu biyu na buɗa shi har kalma uku suka cika fuskar. Sai na ji numfashi a kafaɗata. Malam ne ya taso, ya kawo fuskarsa kusa da gilashin.

"Lawandi, kar ka taɓa."

Na janye hannu. Ya karanta kalmomin nan uku a hankali. Ya ce in matsa gaba, na ja da yatsa, ya karanta na gaba. Muka yi ta yi har ya kai ƙarshen ayar. Sannan ya koma benci ya zauna, ya ce, "Ashe suna nan." Ni dai na shiga neman sukundireban da ke hannuna, don idona ya ciko.

Washegari Binta ta zo da gyalenta a kafaɗa ta ce irinta za ta saya. Na ce ta dakata, ina da wata ta hannu mai ƙwari, ƙarfe ce zalla, za ta yi shekaru. Muka kai wa Malam ya gwada. Nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Madannan babbar kwamfutar sun tokare tsakaninsa da fuskar, sai ya miƙa wuya kamar zalɓe, kuma ba ya ganin kibiyar da ake juya shafi da ita. Wayar hannu ta yi masa ƙanƙanta. Shi abin da yake so haske ne a bayan baƙi, da abin da zai ɗauka da hannu ɗaya ya kai kusa da ido, ya ja da yatsa. Cikin duk kayan da na sani, wannan 'yar arahar da nake zagi ita kaɗai ke yin haka. Binta ta dube ni ta ce, "To, injiniya?" Na ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, ta je ta sayo.

Na sa masa karatun a ciki, na share duk wani tarkace, na daidaita ta yadda da ya danna maɓallin gefe shafinsa zai fito. Malam ya ɗinka mata jakar fata. A saman durowa take kwana, ba a ɗora komai a kanta, jikoki kuwa ko a mafarki ba su isa su ce za su kalli fim ba. Kuma ba ya taɓa ta sai da alwala. Wani matashin malami ya gaya masa cewa ba dole ba ne, tunda na'ura ce. Malam ya ce, "Na ji, Allah ya ƙara sani. Amma ni da ita mun saba haka." Ya yi wata da watanni yana bita da hantsi, har ya aika wa Malam Idi cewa bana a bar masa wurinsa.

Saura 'yan kwanaki a ga watan azumi Binta ta faɗo shagona da kwano a rufe, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Yaya Lawan, ta mutu."

Na miƙe tsaye. "Inna lillahi! Wa?"

"Kwamfutar Baba."

Na koma na zauna. Ta buɗe kwanon, sai ga 'yar lanƙwasa kwance, murfi ya goce gefe, ƙwayoyin shanshera sun cika tsakanin madannai, tana ƙamshin turare irin na bakin ganga. Na ce ta ba ni labari tun daga farko. Ta ce shekaranjiya shafuka suka fara tsalle da kansu, jiya fuskar ta ɗauke. Na tambaye ta da wane hannu Malam ke ɗaukarta. Ta ce daga buta sai jaka, ko gemunsa bai gama ɗiga ba. Ka ji inda gizo ke saƙa. In aka lanƙwasa ta, madannan baya suke komawa, daidai inda jiƙaƙƙun yatsunsa ke riƙewa, ga gemu na ɗiga ta sama. Kullum ɗigo ɗaya, har ya isa inda zai isa.

"To shinkafar fa?"

"Ai cewa ake in ruwa ya shiga waya a tura ta cikin shinkafa. Ni kuwa me nake da shi da ya fi shinkafa?"

"Wace iri kika sa ta?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce lokacin ta sauke ganga ke nan ta juye a tamfol, tana tururi. Sai ta ga ai mai ɗumi za ta fi saurin busar da ita, ta tona tsakiyar tarin ta binne ta, ta rufe da buhu. Da gari ya waye hankalinta ya tafi kan shanya, ta sa manjagara tana bazawa, sai da haƙoran suka kamo murfin ta tuna.

Na ce, "Binta, kin turara ta, kin shanya ta, saura ki kai ta inji a casa."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ta ce jarinta duk yana cikin shanshera, amma ko bashi ne za ta ci ta sayo wata, Baba ne ya rantse ba zai karɓa ba. Ya ce ba za a yi masa asara sau biyu ba, in Allah ya nufa karatunsa ya ƙare to ya ƙare. Ya kuma ce kar a gaya wa Malam Idi tukuna. Garin neman gira an rasa ido, ga azumi a bakin ƙofa.

Na shiga mota na tafi birni neman igiyar hoto da hinjis. Na zaga masu sayar da kayan gyara har ƙafata ta yi nauyi. Kowa ya juya ta sai ya miƙo min. Wani ya ce, "Alhaji, wannan ai ba a gyara ta, in ta mutu sai dai a yi mata addu'a." Wannan shi ne babban aibinta, kuma ku riƙe shi: mai araha ba ta da dangi a kasuwa. Na dawo Kura hannu rabbana, na san in za ta tashi to da abin da ke cikin durowata za ta tashi.

Da safe sai ga Malam a benci, wai ya zo shan iska. Na ɗauki sukundireba, ya yi gyaran murya.

"Lawandi, kana da alwala?"

Na ajiye, na je na yi. Da na dawo na tsaya a gabansa na goge hannuna da tawul, yatsa bayan yatsa, har da tsakankani, na goge gemu, na ƙara gogewa. Ya ce, "Na gane, ba sai ka yi min wa'azi ba."

Cikinta ya yi fari-fari da kore kamar tsohon kwabo. Na cire batir, na wanke fanel da sifirit da burushi, na busar da buluwa daga nesa. Ruwan alwala ya cinye bakin igiyar madannai, shi ke sa shafuka tsalle. Na zare igiyar gaba ɗaya, tunda Malam ba wasiƙa yake bugawa ba, kuma maɓallin kunnawa a gefe yake, ba ruwansa da madannai. Na ba ta wuta, 'yar fitilarta ta kama. Rai yana nan, saura ido. Manjagara ta tsinka 'yan wayoyi a cikin igiyar hoto, kowace ba ta kai gashin kai kauri ba. Na lalubo tsohon rediyo a ƙarƙashin tebur, na warware siririyar wayar tagulla daga naɗinsa, na ɗora tabarau, na ƙara da madubin ƙara girma. A ranar na san ni ma idona ya fara yi min sallama.

Ina kai ƙarfe, Malam ya ɗaga hanci daga benci.

"Ya yi zafi."

"Malam, wannan na lantarki ne, yana da ma'auninsa."

"Ma'auninsa ya yi ƙarya. Rage."

Na rage. Ranar farko fuskar ta kawo rabi, sauran rabin zane-zane kamar atamfa. Malam ya ɗauki sandarsa ya tafi, kuma yadda ya tafi ɗin ya hana ni cin abincin kirki. Washegari na warware duka na sake daga farko, ina riƙe numfashi a kan kowace waya. Wajen azahar na danna maɓalli, shafin da ya tsaya a kai ya fito fes. Na juya masa ita. Ya matso da fuska, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ba laifi."

Sai dai wannan gami nawa ba zai jure lanƙwasa ko ɗaya ba. Na yanko fallaye biyu daga murfin tsohuwar tukunya, na ɗaure ta a kife kamar jinka yadda ba za ta ƙara motsi ba. Kafintan da ke maƙwabtaka da ni ya yi mata 'yar kujera mai tsawo, daidai fuskar mutum in yana zaune a tabarma. Madannan na rufe su da leda mai kauri. Batirinta ya sha tururi, ba ya riƙe wuta sosai, amma da na duba cajarta sai na ga ƙarfin wutar da take ci daidai yake da na batirin babur, na haɗa mata ɗaya a cikin ɗan akwati. Binta kuma ta ɗaura tawul a ƙafar kujerar da igiya, don kar a ce an manta.

To ku masu tambaya, ga abin da zan ce. In kai ɗalibi ne mai buga rubutu da yawa, ko mai shagon buga takardu, ko kana son abin da za ka jefa a jaka ka hau babur da shi kullum, ka bar ta, ka nemi ta hannu mai ƙwari wadda ake samun kayanta. In kuwa karatu za a yi da ita da kallo, a wuri ɗaya, a hannun mai tattali, to tana biyan kuɗinta. A riƙa lanƙwasa ta da hannu biyu daga tsakiya, ba daga kunne ba. Kar a cika mata ciki. In ruwa ya taɓa ta a kashe ta a kawo min, shinkafa kuma a bar ta a tukunya. Kafin ka ba mutum shawara ka kalli idonsa da hannunsa da inda yake zama, wannan ba a bidiyo ake koyonsa ba.

Ranar ɗaya ga azumi na rufe shago da wuri, na ɗauki akwatin batir, Malam na gaba da sandarsa, kujerar a hammatata. Bayan la'asar dattawa suka zauna da'ira. Na ajiye masa ita a gabansa, na jona mata wayar batir na koma jikin bango. Wasu suna satar kallonta. Karatu ya fara zagayowa. Na hagun Malam ya kai ƙarshen rabonsa, sai Malam Idi, da yake baki ya saba, ya ja numfashi zai ɗora. Malam ya dafa gwiwarsa.

"Idi, ina za ka? Ba ka ga mutum ba?"

Ya danna maɓalli, ya matso da fuska, ya fara. Muryar na rawa da farko, sannan ta zauna. Yatsa na ja, baƙaƙe na wucewa manya-manya. Can ya yi tuntuɓe a wata kalma, har ni da ba malami ba na ji. Da'ira ta yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai, tausayi ya hana su magana. Malam ya tsaya. Ya ɗago ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Kun kurmance ne, ko ni ne ba ku ɗauka da karatu ba?"

Malam Idi ya faɗi kalmar daidai, da ƙarfi. Malam ya maimaita ya wuce. Da ya ƙara yin tuntuɓe can gaba, murya uku ne suka taso masa a tare, har da mai buga cinya. Ya kai ƙarshen rabonsa, Malam Idi ya ɗora, layi ya ci gaba kamar ba a taɓa tsallake kowa ba.

A hanyar gida yana tafe yana murmushi shi kaɗai, sandar ma da ƙyar take taɓa ƙasa.

"Lawandi, ka ji yadda suka kama ni?"

Na ce, "Na ji, Malam. Ai yau ne farko, gobe ba za su samu ba."

Ya tsaya cak a tsakiyar hanya ya juyo.

"Kai har yanzu yaro ne. Su yi ta kamawa mana. Wanda aka daina kamawa ai an gama da shi. Ni yau na san na dawo cikin mutane."